Faifan "Slowly" da Wahalar Koyon Jitar Ƙarfe da Kunne

A farkon 1954 kamfanin Decca ya fitar da faifan Webb Pierce mai suna "Slowly". Waƙar soyayya ce mai sanyin tafiya, ta kuma yi mako 17 tana kan gaba a jerin waƙoƙin kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, na mujallar Billboard. Jama'a sun saya ne don muryar Pierce. Makaɗan jitar ƙarfe kuwa, abin da ya hana su barci shi ne wani amo da Bud Isaacs, ɗan jihar Indiana mai shekara 25, ya fitar tun daga buɗe waƙar. Kowa ya ji shi, kowa ya iya rera shi da baki, amma da aka zauna gaban jita sai abin ya faskara.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, wannan jita ba a rungumarta. Kwantar da ita ake yi, ko a cinya ko a kan ƙafafunta. Hannun hagu ba ya danna tsirkiya, wata gajeriyar sandar ƙarfe mai santsi yake zamarwa a kai. Hannun dama na sanye da farce uku, na roba a babban yatsa, na ƙarfe a yatsu biyu. Layukan da ke wuyanta zane ne na nuna wa ido wuri, tsirkiya ba ta taɓa su. Daga tsibiran Hawai ta fito a ƙarshen ƙarni na 19, ana danganta ƙirƙirar salon da Joseph Kekuku, aka haɗa ta da lantarki a farkon shekarun 1930, daga nan ta shige cikin kiɗan kudancin ƙasar Amurka ta zauna daram. Wanda ya tashi yana jin Don Williams a rediyo ya san kukanta, don Lloyd Green ya kaɗa a faya-fayansa da dama. Haka ma wanda ya san kiɗan King Sunny Adé na shekarun 1980, inda Demola Adepoju ke kanta.

Yadda ake koyo a lokacin

Akwai makarantun koyar da salon Hawai a garuruwan Amurka da yawa, amma abin da ake kaɗawa a sababbin faya-fayai ba ya cikin littafinsu. Mai son ya iya solon wani gwani, wato gaɓar da mawaƙi ke yin shiru a bar wa jita fili, hanya ɗaya gare shi: ya sayi faifan, ya ɗora allura, ya ji, ya ɗaga, ya mayar, ya sake ji, har wurin ya cinye ya fara shuu. Da haka aka koyi "Steel Guitar Rag" na Leon McAuliffe da ya fito a 1936, da haka aka koyi abin da Don Helms ya kaɗa wa Hank Williams.

Masu wayo sukan rage wa faifan gudu. Faifai mai juyi 45 a minti, in ka sa shi a 33 da sulusi, komai zai yi sanyi har ka iya rarrabe sautuka. Sai dai ragin gudu na tafe da ragin tsayin sauti, kuma ba daidai yake sauka ba: rabin mataki biyar ne da ɗan ɗoriya (rabin mataki shi ne tazarar layi ɗaya a wuyan jita). Wannan 'yar ɗoriyar ita ce masifar, don tana jefa kowane sauti a tsakanin layuka biyu, ba a kan wannan ba, ba a kan wancan ba. Dole mai koyo ya sassauta ɗaurin jitarsa ya bi faifan, ko kuma ya riƙe lissafin a ka. Duk da haka hanyar tana aiki, saboda akwai abin da kowa ya amince da shi ba tare da an faɗa ba: jitar da ke cikin faifan irin wadda ke cinyarka ce. Abin da hannu biyu da sanda ɗaya suka yi a Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, hannu biyu da sanda ɗaya za su iya yi a ɗakinka, in ka jure.

A kan "Slowly" wannan amincewar ta karye.

Abin da kunne ya ji, da abin da sanda ta kasa

Mu duba abin kusa. Tsirkiyoyi uku na sama a ɗaurin da Isaacs ke amfani da shi, wanda makaɗa ke kira E9, su ne E, sai B, sai G# (waɗannan haruffa sunayen sautuka ne). In aka kaɗa su tare suna ba da haɗin sautin E. A cikin faifan za ka ji haɗin ya tashi daga nan ya koma na A, wanda ba baƙon abu ba ne, kusan kowace waƙar kantiri tana yin wannan tafiya. Yadda ya yi tafiyar ne ya sha wa mutane kai. Sauti ɗaya ya tsaya cak a inda yake. Na biyu ya hau cikakken mataki, daga B zuwa C#. Na uku ya hau rabin mataki kawai, daga G# zuwa A. Duk wannan kuwa tsirkiyoyin na cikin kuka, ba a sake kaɗa su ba.

Amsar farko da za ta zo wa kowane makaɗi ita ce ya zamar da sanda gaba layi biyar. Zai isa haɗin A ɗin, babu shakka. Amma duk sautuka ukun za su tafi tare, tazara ɗaya, su sauka a jere daban: A a sama, sai E, sai C#. Na faifan kuwa E ne a sama, sai C#, sai A. Sautuka ukun su ne dai, amma kunne ba ya ruɗuwa, nan take yake gane ba shi ba ne.

Amsa ta biyu ita ce karkata sanda. Wannan tsohuwar dabara ce: ka juya sandar ta kwanta a gicciye, bakinta a kan wani layi, gindinta a kan wani, sai tsirkiyoyi biyu su motsa da tazara mabambanta. Gwanaye na yin abin al'ajabi da ita. Amma sanda miƙaƙƙiya ce. In ta ratsa tsirkiyoyi uku da ke jere, abin da za ta iya bayarwa shi ne sifili, ɗaya, biyu, ko biyu, ɗaya, sifili. Abin da Isaacs ya yi kuwa sifili ne, biyu, ɗaya. Ta tsakiya ce ta fi tafiya nesa. Babu miƙaƙƙen ƙarfen da zai taɓa waɗannan wurare uku lokaci guda. Akwai masu jan tsirkiya da yatsa ta bayan sanda su ɗan ɗaga sautinta, amma a ja biyu tare, kowace da nata ma'auni, su sauka daidai sau bayan sau, wannan ya wuce ƙarfin yatsa.

Ka ga ke nan kunnen makaɗan bai yi musu ƙarya ba. Sun ji daidai. Mai kyakkyawan kunne ma ya fi shan wahala, don shi ne ya san sarai cewa abin da yake kaɗawa ba shi ne na faifan ba.

Sirrin yana ƙarƙashin jitar. Isaacs na kaɗa jitar da Paul Bigsby ya ƙera, wani makanikin babura a Kalifoniya da ya koma ƙera kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Jitar tana da feda a ƙasa, an haɗa ta da waya zuwa inda tsirkiyoyi ke ɗaure. In ya taka, wayar ta ja tsirkiyoyi biyu ta ƙara musu tauri, kowace gwargwadon yadda aka saita ta. Wanda ya san kalangu ya riga ya san dabarar: mai kalangu na matse tsarkiyar jikin kalangun a hammata bayan ya buga, fata ta ƙara tauri, sautin ya miƙe sama yana cikin fita. Aikin da hammata ke yi a can, shi ƙafa ke yi a nan.

Abin da ya kamata a lura da shi, feda ba sabuwa ba ce a 1954. Kamfanin Gibson ya fitar da jita mai feda tun wajen 1940, Speedy West kuma ya karɓi tasa daga hannun Bigsby a 1948. Amma a wurinsu feda hanya ce ta sauya ɗauri: ka taka a lokacin da tsirkiya ta yi shiru, ka samu sabon jerin sautuka, ka ci gaba. A ji motsin kansa, wannan kuskure ake ɗaukarsa, abin ɓoyewa. Isaacs ya ɗauki abin da ake ɓoyewa ya mai da shi kan gaba. An ruwaito cewa gogen Turawa biyu yake son kwaikwaya, ɗaya ya riƙe sauti ɗaya, ɗayan na motsi a gefensa. Inda ya tashi sananne ne ga makaɗa, inda ya sauka ma sananne ne, don E, C#, A su ne saman wani tsohon ɗauri da ake kira A6. Tsakanin ne sabo.

Gareji, wayar hanga da totur

Da labari ya bazu, musamman daga waɗanda suka ga Isaacs da idonsu a Nashville, gani ya kori ji. Sai matsala ta koma ta kayan aiki. Bigsby mutum ɗaya ne, mai son jitarsa sai ya shiga layi ya daɗe yana jira. Makaɗa suka shiga huda jitocinsu masu tsada. Aka yi amfani da wayar hanga ta rataye riga, da totur ɗin tsohuwar mota, da duk ƙarfen da ya samu. Wasu sun dace, da yawa kuma sun samu jitar da in an taka ta hau, in an saki ta ƙi dawowa daidai inda ta tashi. A Nashville wani makaɗi mai hannun ƙira, Shot Jackson, ya yi suna wajen ɗaura wa jitocin mutane feda, kuma a wajajen 1957 shi da Buddy Emmons suka kafa Sho-Bud, sunan da suka haɗa daga sunayensu biyu.

Kafin nan, a 1956, an yi sauyin da ya fi shafar mai koyo na yau. Emmons ya raba fedar Isaacs gida biyu: ɗaya ta ja B kaɗai, ɗaya ta ja G# kaɗai. Jimmy Day, wanda ya kaɗa wa Ray Price "Crazy Arms" a wannan shekarar, shi ma ya raba tasa, amma ya jera su a akasin jerin Emmons. Har yau mai sayen jita sai an tambaye shi, jerin Emmons kake so ko na Day? Sautukan duk ɗaya ne, amma idon sawu na karkata ne ta ɓangarori daban. Daga baya aka ƙara tsirkiyoyi har suka kai goma, aka ƙara feda ta uku, aka ƙara sandunan da ake turawa da gwiwa.

Mai koyo na yau: tarkon ya juya

Wanda ya zauna yau zai koyi "Slowly" ba shi da matsalar mutanen 1954. Ya san da feda, tana ƙarƙashin ƙafarsa. Yana da manhaja a kwamfuta ko waya da za ta rage gudu ba tare da ta taɓa tsayin sauti ba, ta kuma maimaita daƙiƙa biyu sau ɗari babu abin da zai cinye. Tasa matsalar ita ce kayan sun yi masa yawa.

A jitar yau mai tsirkiya goma, jerin daga sama shi ne F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Ukun Isaacs, wato E, B, G#, sun koma ta huɗu, ta biyar da ta shida. Ukun da ke samansu duk ƙari ne na baya: ana danganta G# na sama da Ralph Mooney, biyun farko kuma Emmons ne ya kawo su a farkon shekarun 1960. Don haka abu na farko da mai koyo zai yi shi ne ya mance da su. In ya ji wani sauti mai tsayi a faifan 1954 ya same shi cikin sauƙi a tsirkiya ta uku, to ya sani ba can Isaacs ya same shi ba. Sanda ya tura gaba. Bambancin kuwa ana jin sa, domin sauti ɗaya a siririyar tsirkiya kusa da gindin wuya, da shi dai a mai kauri can gaba, launinsu ba ɗaya ba ne, kuma zamiyar da ta kai ka can tana cikin kiɗan.

Sai ƙafa. Mai jitar zamani ya saba taka feda ta farko, sannan ya mirgina ƙafa ya haɗa da ta biyu, ko ya danne ta biyu yana lilo da ta farko. Wannan mirginawar ita ce kukan kantiri na shekarun 1960, ita ce kunnensa ya sha. A "Slowly" ba ta da gurbi. Feda ɗaya ce, tsirkiyoyi biyun tare suke tashi, tare suke isa. Dole ya shimfiɗa tafin ƙafa a kan fedoji biyun ya saukar da su a matsayin abu guda. In ɗaya ta riga ɗaya ko da ƙiftawar ido, za a ji wani haɗin sauti ya leƙo a tsakani, E da C# da G#, ko E da B da A, waɗanda fedar Isaacs ba ta da ikon fitarwa. Kuskure ne mai daɗin ji, shi ya sa yake da wuyar kamawa. Na fi ganin laifin nan a wurin ƙwararru fiye da 'yan koyo: sukan kaɗa waƙar ta fi ta asali ado, amma da karin shekara goma gaba.

Shi ya sa, a ganina, tambayar farko a gaban tsohon faifai ita ce shekararsa, kafin a tambayi wane sauti ne. Shekara na gaya maka tsirkiya nawa mutumin ke da su, feda nawa, wane ɗauri ne ke yayi. Da wannan kaɗai ka zubar da rabin amsoshin da za su ɓata maka lokaci. Rubutaccen jadawalin da ake rabawa, mai nuna tsirkiya da layi da feda, yawancinsa an tsara shi ne don jitar yau. Yana da amfani, amma fassarar wani ce, ba shaidar abin da ya faru a sutudiyo ba.

Abin da ɗakin ɗauka ya bari a cikin faifan

A shekarun nan Decca na yawan ɗaukar waƙoƙinta na Nashville a sutudiyon Castle, wanda injiniyoyin gidan rediyon WSM suka buɗe a cikin otal ɗin Tulane. Zama ɗaya awa uku ne bisa ƙa'idar ƙungiyar makaɗa, ana kuma sa ran a fitar da waƙa huɗu. Duk suna ɗaki ɗaya, a kaɗa tare, a haɗe komai a layin sauti guda. Babu wani kaset ɗin da aka ajiye mai ɗauke da jita ita kaɗai. Manhajojin zamani masu raba murya da kayan kiɗa sukan taimaka a gane sautuka, amma a irin wannan faifan sukan yanke ainihin abin da ake nema: farkon bugun farce, da wutsiyar sauti inda yake mutuwa. Gara a yi amfani da su a gano wuri, sannan a koma kan cikakken faifan.

Akwai kuma batun saiti. Mutanen nan da kunne suke saita jita, ba da na'ura ba. Kunne kuwa ya fi son G# ɗin ta ɗan sauka ƙasa da inda na'urar lantarki ke cewa daidai, da kamar kashi 14 cikin ɗari na rabin mataki, don a nan ne sautuka ukun ke daina kaɗawar da suke yi wa juna su kwanta luf. Haka C# ɗin da feda ke kaiwa. Wanda ya saita komai a tsakiyar allurar na'ura zai kaɗa sautukan daidai, ya ji kuma wani tsami da babu shi a faifan, ya rasa daga ina. Ƙari a kan haka, ba kowane tsohon faifai ne ke juyawa a ainihin gudun da aka ɗauke shi ba, musamman waɗanda aka kwafa daga faifai zuwa faifai. Kafin ka zargi hannunka, ka riƙe sauti ɗaya na faifan ka auna shi da naka.

Amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ma haka. Akwatin amsa-kuwwa na Fender sai 1961 ya fito. Mai koyo da ya cika kiɗansa da amsa-kuwwa zai lulluɓe abin da ya kamata ya ji ƙarara, wato inda ake kashe tsirkiya da gefen tafin hannu kafin a kaɗa ta gaba. A tsohon faifai shirun da ke tsakanin sautuka a fili yake, kuma koyon tsawonsa ya fi koyon sautukan cin lokaci. A nan rage gudu ma yana iya yaudara: a rabin gudu, takun feda na zama doguwar zamiya mai daɗi, sai ƙafa ta saba da hakan. Bayan kowane ɗan zama a hankali, a mayar da faifan gudunsa na asali a gwada tare da shi.

Tarkon yana da wani baki kuma. Tunda kunnen yau ya saba da feda, duk inda ya ji sautuka biyu sun motsa da tazara daban sai ya ce feda ce. Jerry Byrd, wanda ya kaɗa a faya-fayan Nashville tun ƙarshen shekarun 1940, har da wasu na Hank Williams, ya ƙi komawa feda ko da kowa ya koma. A ɗaurin C6 ya fi zama, da karkata sanda yake fitar da motsin da za ka rantse inji ne ya yi. A farkon shekarun 1970 ya tattara ya koma Hawai yana koyar da matasan can salon kakanninsu. Mai jitar zamani zai iya samun sautukan solon Byrd da feda cikin minti kaɗan, su fito tsaf, tsaf ɗin ma ya yi yawa, domin feda tana da wurin tsayawa na ƙarfe, karkatacciyar sanda kuwa hannu ne ke lallaba ta har ta isa. Wanda ke son na Byrd sai ya janye ƙafarsa daga fedojin, ya koma ɗaurin C6, ya koyi juya sanda da babban yatsa da manuniya ba tare da ya murɗa wuyan hannu ba, kuma wannan aikin watanni ne.